Julian Bond: Sai da Aka Zaɓe Shi Sau Uku Kafin Ya Zauna

Ranar Litinin, 10 ga Janairun 1966, 'yan majalisar wakilai ta jihar Jojiya da ke kudancin Amurka suka hallara a zaurensu na birnin Atlanta domin shan rantsuwa. A cikinsu akwai baƙaƙen fata takwas, kuma rabon da a ga baƙar fata a kan kujerar wannan zaure tun 1907. Bakwai suka ɗaga hannu suka rantse tare da sauran. Na takwas ɗin, wani dogon siririn matashi da saura kwana huɗu ya cika shekara 26, akawun majalisa ya ƙi rantsar da shi, saboda 'yan majalisa 75 sun riga sun shigar da ƙorafi a rubuce cewa bai cancanci zama ba. Kafin a tashi a ranar an kaɗa ƙuri'a. Mutum 184 suka ce a hana shi, 12 suka ce a bar shi. Sunansa Julian Bond, kuma mutanen mazaɓa ta 136 sun ba shi kashi 82 cikin ɗari na ƙuri'unsu.

Babu wanda ya zarge shi da maguɗi. Shekarunsa sun kai, kuma a mazaɓar yake zaune. Abin da aka riƙe shi da shi magana ce da ya faɗa wa wani ɗan jarida kwana huɗu kafin nan a kan yaƙin Biyetnam. Daga ranar wata tambaya ta maƙale masa tsawon shekara 20 da ya yi yana ɗan majalisar jiha: kujerar wakili ta wa ce, ta majalisa ko ta mutanen da suka aiko shi? A ganina ta wannan ƙofa ya kamata a shiga tarihinsa, domin a kan tambayar ya yi suna, kuma a kanta ya yi aikinsa mafi nauyi, wanda a ƙarshe wani ne ya ci moriyarsa.

Gidan su Bond gidan karatu ne, amma karatun da aka samo da wuya. Kakansa James Bond an haife shi bawa a jihar Kentucky a 1863. Uwarsa baiwa ce, ubansa kuwa farar fata ne na gidan da suka mallake ta. Bayan an 'yanta bayi, yana matashi, ya ɗaura wa ɗan bijiminsa igiya ya ja shi a ƙafa har kwalejin Berea, da shi ya biya kuɗin makaranta. Ya kammala a 1892, ya zama limamin coci. Ɗansa Horace Mann Bond ya zama masanin tarihin ilimi, kuma a 1945 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Lincoln ta jihar Pennsylvania, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami duk da cewa domin baƙaƙen fata aka gina jami'ar. Mutanen Afirka ta Yamma sun san wannan makaranta: nan Nnamdi Azikiwe ya yi karatu, nan Kwame Nkrumah ya yi, kuma a zamanin shugabancin Horace Bond jami'ar ta karrama Nkrumah da digirin girmamawa a 1951. Julian, wanda aka haifa a Nashville ranar 14 ga Janairun 1940, a harabar wannan jami'a ya tashi, yana ganin irin su W. E. B. Du Bois da Paul Robeson da Albert Einstein suna zuwa baƙunta wurin mahaifinsa. Sakandare kuwa a wata makarantar kwana ta mabiya ɗariƙar Kwaka ya yi, mutanen da aƙidarsu ta haramta yaƙi kowane iri. Wannan tarbiyya ta bayyana a bakinsa daga baya.

A 1957 iyalin suka koma Atlanta, Julian ya shiga kwalejin Morehouse. A nan ya sadu da wariyar launin fata da doka ta tsaya mata, wadda ta raba wurin cin abinci da wurin shan ruwa da kujerar mota. Da ɗalibai suka fara zaman dirshan a Greensboro a Fabrairun 1960, shi da abokinsa Lonnie King suka haɗa ɗaliban Atlanta. Ranar 15 ga Maris ya jagoranci wata tawaga zuwa ɗakin cin abinci na ofishin magajin gari, inda ba a sayar wa baƙar fata, 'yan sanda suka kama su. A watan Afrilu yana cikin waɗanda suka kafa kwamitin ɗalibai masu fafutuka ba tare da tashin hankali ba, wanda ake taƙaita sunansa da SNCC. Shekara ta zagayo ya ajiye karatu ya zama jami'in yaɗa labaran ƙungiyar, bai koma ya karɓi digirinsa ba sai 1971.

Aikin nasa na ofis ne da waya da keken rubutu. In aka kama ɗan ƙungiya a wani ƙauyen Mississippi da tsakar dare, shi zai tashi 'yan jaridun New York da Washington, domin sun gane cewa wanda sunansa ya fito a jarida ya fi wanda ba a san an kama shi ba damar fita da rai. A Satumban 1964 yana cikin tawagar SNCC da ta je ƙasar Gini bisa gayyatar Shugaba Sekou Toure, tare da John Lewis da Fannie Lou Hamer, suka ga ƙasar da baƙar fata ke riƙe da mulkinta tun daga fadar shugaba har ofishin gidan waya.

Ƙofar majalisa kotuna ne suka buɗe ta. Jojiya tana da gundumomi 159, kuma tsarinta na da ya fifita ƙauye a kan birni da gangan. A ƙidayar 1960 gundumar Fulton, inda Atlanta take, tana da mutum sama da 556,000, gundumar Echols kuwa ba ta kai 2,000 ba, amma a zaɓen fidda gwani na jiha ƙuri'ar mutum ɗaya a Echols tana da nauyin ta mutum 99 a Fulton. Kotun Ƙoli ta rushe wannan tsari a 1963, a 1964 kuma ta ce dole a raba kujerun majalisun jihohi bisa yawan jama'a. Fulton da take da wakilai 3 kacal ta tashi da 24, aka kuma yanka ta mazaɓu. Ta 136 ta faɗa a unguwar Vine City da kewayen jami'o'in baƙaƙen fata, unguwar talakawa mai gidajen haya na katako da ruwa ke zuba a ciki. Martin Luther King ma a nan gidansa yake.

Wasu 'yan SNCC ba su so ya tsaya ba, suna ganin shiga jam'iyyar Dimokurat a Jojiya shiga inuwa ɗaya ce da masu wariya. Ya tsaya duk da haka, Ivanhoe Donaldson ya riƙe masa yaƙin neman zaɓe, suka yi shi yadda suka saba aikin ƙungiya. Gida gida suke bi, su ƙwanƙwasa ƙofa, su tambayi mai gida abin da ya fi damunsa, a tara maƙwabta a falon wani a tattauna. Daga amsoshin mutane aka haɗa manufofinsa: mafi ƙarancin albashi ya zama dala 2 a awa, a soke dokar da ke raunana ƙungiyoyin ƙwadago, a daina jarraba karatun mutum kafin a yi masa rajistar zaɓe, a gyara yadda ake rushe unguwannin talakawa da sunan sabunta birni. A Yunin 1965 ya ci.

Saura mako guda a rantsar da su, ranar 3 ga Janairun 1966, aka harbe Sammy Younge a garin Tuskegee na jihar Alabama. Ɗan shekara 21 ne, ɗalibi, ɗan SNCC, kuma tsohon sojan ruwan Amurka. Wani ma'aikacin gidan mai ne ya kashe shi bayan sun yi sa-in-sa a kan shiga banɗakin da aka keɓe wa farar fata. Bayan kwana uku SNCC ta fitar da sanarwa mai zafi. Ta ce gwamnatin da ke iƙirarin kare 'yanci a Biyetnam ta kasa kare ran baƙar fata a Alabama, ta nuna goyon baya ga samarin da suka ƙi amsa kiran shiga soja, ta ce aikin fafutukar 'yanci a gida ya fi dacewa da su. Bond ba shi ya rubuta ta ba. Wani ɗan jaridar gidan rediyo ya buga masa waya ya karanta masa, ya tambaye shi ko ya yarda da abin da ke ciki. Ya ce ya yarda. Ya ƙara da cewa shi mai adawa ne da yaƙi kowane iri, kuma daga baya ya bayyana cewa shi bai ƙona katinsa na kiran soja ba, bai kuma ce kowa ya ƙona ba, sai dai yana jinjina ƙarfin halin waɗanda suka ƙona suna sane da ɗaurin da ke jiransu.

Sai a tuna lokacin. Yawancin Amurkawa suna bayan yaƙin a farkon 1966. Muhammad Ali bai ƙi shiga soja ba sai Afrilun 1967, kuma a watan ne King ya yi babban jawabinsa na adawa da yaƙin a New York. Har shugaban ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP na lokacin, Roy Wilkins, nesanta kansa ya yi da sanarwar. A Atlanta wasu dattawan baƙaƙen fata sun so Bond ya sassauta harshe ya karɓi kujerarsa, kada a ɓata abin da aka daɗe ana nema. Shawarar ba ta mugunta ba ce, mutane ne da suka san abin da aka sha kafin a zo nan. Amma da ya bi ta, da ya amince ke nan cewa akwai ra'ayin da wakilin Vine City ba shi da izinin riƙewa, kuma abokan zamansa ne za su faɗa masa wanne. Da aka kunna faifan hirar a gaban kwamitin majalisa aka tambaye shi, sai ya ce maganarsa ce, kuma yana nan a kanta.

Jojiya ta taɓa yin haka. A Satumban 1868 majalisar ta kori baƙaƙen fatan da aka zaɓa bayan yaƙin basasar Amurka, cikinsu har da Henry McNeal Turner, da hujjar cewa 'yancin jefa ƙuri'a bai haɗa da 'yancin riƙe muƙami ba. Sai a 1870 gwamnatin tarayya ta mayar da su. Masu korar Bond sun dage cewa tasu ba ta launi ba ce, ga bakwai nan an rantsar. Amma waɗanda suka kira shi maci amanar ƙasa, da yawansu sun shafe shekaru suna kira a bijire wa hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu, babu kuma wanda aka taɓa hana wa kujera saboda haka.

Ranar 14 ga Janairu King ya jagoranci zanga-zanga zuwa majalisar. A cikin watan ne jakadun wasu ƙasashen Afirka a Majalisar Ɗinkin Duniya suka shirya wa Bond liyafar girmamawa a New York. Bond ya kai ƙara, amma a kotun tarayya ta alƙalai uku ya faɗi, biyu suka goyi bayan majalisa, Elbert Tuttle shi kaɗai ya saɓa. Gwamna ya kira zaɓen cike gurbi a Fabrairu, mutanen mazaɓar suka sake zaɓen Bond, aka sake hana shi. Babban zaɓen Nuwamba ya zo, suka zaɓe shi karo na uku. Wannan ɓangaren na labarin shi ya fi taɓa ni. Talakawan unguwa ne masu buƙatar wanda zai yi musu maganar kuɗin haya da kwata, sun yi shekara cur ba su da murya a zauren, kuma hanya mafi sauƙi ita ce su nemi wani wanda majalisa za ta karɓa. Suka ƙi.

Ranar 5 ga Disamban 1966 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai tara baki ɗaya, Babban Alƙali Earl Warren ya rubuta. Lauyoyin jiha sun ce mai irin wannan ra'ayi ba zai iya rantsuwar kare tsarin mulki da zuciya ɗaya ba, kuma ɗan majalisa ya kamata a auna biyayyarsa da ma'aunin da ya fi na sauran mutane tsauri. Kotu ta ce jiha tana da ikon neman rantsuwa, amma ba ta da ikon mayar da ita sandar dukan masu sukar gwamnati, in ba haka ba masu rinjaye za su riƙa tace wanda suke so ya zauna. Ta ce kalaman Bond ba tunzurawa ba ne zuwa karya doka. Sannan ta juya hujjar jihar: wajibi ne ma a kan wakili ya bayyana matsayinsa a kan batutuwan da ake jayayya, domin masu zaɓensa su san wanda suka aika, su kuma iya hukunta shi da ƙuri'a. A watan ne dai, a Alabama, masu taimaka wa alƙali waɗanda dukkansu farar fata ne suka wanke wanda ya harbe Sammy Younge.

An rantsar da Bond ranar 9 ga Janairun 1967. James Floyd, jagoran masu adawa da shi wanda sunansa ke kan shari'ar, ya tashi ya fice daga zauren. Har yau tagwayen benayen ofisoshin gwamnati da ke kusa da majalisar sunan Floyd suke amsawa. Abu na farko da ke gaban majalisa shi ne zaɓen gwamna, domin babu ɗan takarar da ya sami fiye da rabin ƙuri'u a Nuwamba. Suka ɗauki Lester Maddox, mai gidan abincin da ya yi suna da korar baƙaƙen fata daga ƙofarsa da ƙotar gatari. Bond yana cikin 'yan ƙalilan da suka ƙi jefa ƙuri'a.

Daga nan tarihin ya rage armashi, shi ya sa yawancin masu ba da shi suke tsallakewa. Majalisar Jojiya kwana 40 take zama a shekara, wa'adi shekara biyu ne, albashin kuwa ba ya riƙe gida. Sabon wakili ba shi da ƙarfi sai abin da shugabannin kwamitoci suka ga dama suka ba shi, su kuwa tsofaffin 'yan karkara ne, waɗanda jiya suka kaɗa ƙuri'ar korarsa. Shekarunsa na farko a keɓe ya yi su. A waje kuma sunansa sai ƙara tashi yake. A babban taron jam'iyyar Dimokurat na Chicago a 1968 ya jagoranci tawagar da ta ƙalubalanci wakilan da ɓangaren Maddox ya naɗa, aka raba ƙuri'un Jojiya biyu tsakaninsu. A taron aka gabatar da sunansa a takarar mataimakin shugaban ƙasa, baƙar fata na farko da aka yi wa haka a babbar jam'iyya, sai ya janye saboda shekararsa 28 tsarin mulki kuma 35 yake nema. Jami'o'i suka yi ta gayyatarsa lacca, da kuɗin laccar yake ciyar da iyalinsa. A 1971 ya zama shugaban farko na cibiyar lauyoyin kare talakawan kudu da Morris Dees da Joe Levin suka kafa a Montgomery.

Masu sukarsa sun ce ya fi son filin jirgi da talabijin a kan zaman kwamiti, kuma maganar ba ta rasa gaskiya ba. Mutum ne mai kaifin harshe da sanyin hali, wanda bai iya bin manya da dafa kafaɗa ba, ita kuwa majalisar jiha da wannan ake cin nasara a cikinta. Ya ma leƙa takarar shugaban ƙasa gabanin zaɓen 1976 ya fasa don rashin kuɗi, kuma a zaɓen fidda gwani bai bi ɗan jiharsu Jimmy Carter ba. Duk da haka in aka duba abin da ya bari a littafin dokoki za a ga ba zaman banza ya yi ba. Bayan wa'adi huɗu a majalisar wakilai ya koma ta dattawan jiha a 1975, ya yi wa'adi shida. Ƙudirori fiye da 60 da ya sa wa hannu sun zama doka. Akwai na gwajin cutar sikila, wadda a Amurka baƙaƙen fata ta fi kamawa kuma hukumomin lafiya suka daɗe ba su kula da ita ba. Duk gidan da ya taɓa kwana a kan yaro mai ciwon amosanin jini ya san darajar a gane cutar da wuri. Akwai na samar wa masu ƙaramin ƙarfi rancen sayen gida da ruwa kaɗan, wanda asalinsa yana komawa ga ƙofofin da ya ƙwanƙwasa a Vine City. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar baƙaƙen 'yan majalisar jihar a 1975, domin su riƙa ciniki da ƙuri'unsu a dunƙule. Ƙungiyar ce ta sa aka kafa gunkin tunawa da korarrun 1868 a harabar majalisar a 1978.

Babban aikinsa ya zo ne bayan ƙidayar 1980. A Amurka majalisar jiha ce ke shata iyakokin mazaɓun majalisar tarayya, kuma mai riƙe da alƙalamin shata kamar mai rabon gona ne: inda ya ja layi, nan ake sanin wanda zai sami fadama da wanda zai sami tudu. A lokacin Jojiya tana da kujeru 10, baƙaƙen fata sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na jama'arta, amma babu ko ɗaya a cikin wakilanta tun da Andrew Young ya bar mazaɓa ta 5 ta Atlanta a 1977 ya tafi jakadanci Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1981 Bond ya kawo taswirar da za ta sa baƙaƙen fata su zama kusan kashi 73 na mazaɓar. Majalisar dattawa ta amince, ta wakilai ta ƙi, aka tsaya a kan kashi 57. Adadin ya yi kama da rinjaye, amma yara sun yi yawa a cikinsa, masu rajista kuma sun yi ƙaranci, don haka a rumfar zaɓe ba rinjaye ba ne.

Bond bai tsaya a zauren ba. Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta tilasta wa jihohin da suka yi suna da danne ƙuri'a su nemi amincewar ma'aikatar shari'a ta tarayya ko wata kotu a Washington kafin su canja ko da layi ɗaya. Ma'aikatar ta ƙi taswirar, jihar ta kai ƙara, kuma a 1982 kotu ta yanke cewa da niyyar wariya aka zana ta. An kawo shaidar irin kalmomin ƙasƙanci da shugaban kwamitin shata mazaɓu na majalisar wakilai, Joe Mack Wilson, yake kiran baƙaƙen fata da su, har kotu ta rubuta a hukuncinta ƙarara cewa mutumin mai wariyar launin fata ne. Aka sake zane, mazaɓar ta koma kusan kashi 65. Ba duk baƙaƙen 'yan majalisa ne suka bi Bond ba. Grace Towns Hamilton, mace baƙar fata ta farko a majalisar, wadda suka shigo tare a zaɓen 1965, ta ga cewa tara baƙaƙen fata wuri guda zai rage musu tasiri a maƙwabtan mazaɓu. Har yau ana wannan muhawara a Amurka, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. An kuma ce Bond kansa yake gina wa kujera. Ban ga laifi a nan ba, muddin kujerar da aka gina a buɗe take ga kowa ya nema.

A 1986 mai riƙe da ita, Wyche Fowler, ya tafi neman majalisar dattawa ta tarayya. Bond ya fito takara. Cikin abokan takararsa har da John Lewis, wanda suka yi SNCC tare, suka je Gini tare, suka zagaya kudu a 1971 suna yi wa mutane rajistar zaɓe. Sun bambanta ta kowace fuska. Bond ɗan shugaban jami'a ne mai zaƙin baki. Lewis ɗan manomi ne daga karkarar Alabama, wanda 'yan sanda suka fasa wa kai a gadar Selma a 1965, kuma a lokacin kansila ne a Atlanta. Kuɗi da manyan gari da taurarin waƙa suna bayan Bond. A zagayen farko na zaɓen fidda gwani cikin Agusta ya sami kashi 47, Lewis 35. Amma dokar Jojiya tun 1964 ta ce sai an haura rabi, don haka aka tafi zagaye na biyu.

Makonni ukun da suka biyo baya sun yi muni. Lewis ya nuna kansa a matsayin ma'aikaci, abokinsa kuma mai son a gan shi. Ya yi gwajin fitsari na ƙwaya ya ce Bond ma ya yi. Bond ya ƙi, ya ce cin zarafi ne a tilasta wa mutum wanke kansa daga laifin da ba a tuhume shi da shi ba. Matsayin ya dace da mutumin da ya ƙi janye maganarsa a 1966, amma a wannan karon masu zaɓe ne alƙalai, kuma jita-jita ta riga ta shiga gari. Ranar 2 ga Satumba Lewis ya ci da kashi 52 a kan 48. Bond ya sami mafi yawan ƙuri'un baƙaƙen fata, farar fatan arewacin mazaɓar kuwa, waɗanda ba su manta wanda ya zana taswirar ba, suka zuba wa Lewis tasu kusan gaba ɗaya. Bond bai yi jayayya da sakamakon ba. Zumuncinsu ya yi shekaru a tsinke kafin su shirya, Lewis kuma ya riƙe kujerar har rasuwarsa a 2020.

A Janairun 1987 wa'adin Bond ya ƙare, bai sake tsayawa zaɓen hukuma ba. Shekarar ta yi masa ɗaci: zargin shan hodar ibilis ya fito daga cikin gidansa, mai zargin ta janye, ba a gurfanar da shi ba, auren kuma daga baya ya mutu. Ya koma koyar da tarihin fafutukar da ya yi a Jami'ar Virginia da wata jami'a a Washington, muryarsa ce kuma ke ba da labari a shahararren shirin talabijin na tarihin wannan gwagwarmaya da aka fara nunawa a 1987. Daga 1998 zuwa 2010 ya shugabanci hukumar gudanarwar NAACP, ƙungiyar da ta nesanta kanta da sanarwar 1966. Ra'ayoyinsa ba su yi laushi da tsufa ba. An kama shi a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a 1985 yana adawa da mulkin wariya, an sake kama shi a ƙofar fadar White House a 2013 a kan wani bututun mai da masu kare muhalli ke ƙi. Ya goyi bayan auren jinsi a fili, abin da ya raba shi da limaman coci da yawa na baƙaƙen fata, waɗanda a kan sauran al'amura tare suke.

A Yunin 2013 Kotun Ƙoli, da alƙalai 5 a kan 4, ta soke ma'aunin da ake amfani da shi wajen tantance jihohin da sai sun nemi izini kafin su taɓa dokar zaɓe. Da wannan, makamin da ya yi aiki a 1982 ya faɗi, yana raye yana gani, ya kuma yi tir da hukuncin. Ya rasu ranar 15 ga Agustan 2015 a Fort Walton Beach ta jihar Florida, yana da shekara 75. A 2021 majalisar Jojiya ta zana sababbin mazaɓu ba tare da neman amincewar kowa ba, karo na farko tun 1965. A Oktoban 2023 wani alƙalin tarayya a Atlanta, Steve Jones, ya yanke cewa taswirorin sun tauye ƙuri'ar baƙaƙen fata, ya umarci majalisar ta koma ta sake zanawa.